Ranar da Na Yafe wa Malam Sabo Laifina

Ban taɓa mantawa da ranar da na yafe wa wani bawan Allah laifin da ni na aikata ba. Ya durƙusa a gabana yana neman gafara, ni kuma na gyara zama, na yi irin fuskar nan ta manya, na ce masa ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wautar da na tafka a aiki tana da yawa. Na taɓa kai takardar gayyatar taro bayan an tashi daga taron, na taɓa kulle shugabana a ofis na tafi masallaci. Amma wannan ita ce babbar yayarsu. Tunda kun ce kowane tsohon ma'aikaci ya ba da labari ɗaya daga bakin aikinsa, ni wannan zan bayar, don wanda bai sani ba ya sani, wanda ya sani kuma ya daina ƙara masa gishiri.

Sunana Ilu, amma a ofis Baba Masinja kowa yake ce mini. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina masinja a sashen lafiya na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin ƙasar Kazaure. Karatuna aji uku ne na firamare, shi ma na ukun rabinsa a bakin kasuwa na yi shi. Ga wanda bai san aikin ba, masinja shi ne ƙasan kowa a ofis. Shi zai buɗe, shi zai share, shi zai ɗauki takarda daga wannan tebur zuwa wancan, in kuma aiken ƙauye ya taso shi zai hau babur ya je. To a wannan na ƙarshen nake da abin tinƙaho. Ba lungun da ban shiga ba daga Roni zuwa Gwiwa, daga 'Yankwashi har Babura, kuma ban taɓa faɗuwa a kan babur ba. Wannan magana na faɗe ta har ta gundiri mutane. In na buɗe baki na ce "Ni shekara talatin," sai 'yan ofis su haɗa baki su ƙarasa mini.

A shekarar da fetur ya yi tashin nan da kowa ya sani, wata ƙungiya ta ba sashenmu babura biyu masu caji. Ƙirar roba-roba ce, tayoyi ƙanana, ga fili a tsakiya inda mutum zai ajiye ƙafafunsa kamar mai zaune a kan kujera. Ba tanki, ba salansa, ba kik, ba giya. Aka kafa musu sola a bayan sito. Aikinsu shi ne kai akwatin sanyi, wato akwatin da ake zuba allurar rigakafi da ƙanƙara a ciki, zuwa ga ma'aikatanmu da ke ƙauyuka da rugage.

Wanda aka danƙa wa kula da su shi ne Malam Sabo, bakaniken sashe. Wata ɗaya muka kama aiki da shi. Mutum ne mai shiru, irin wanda in ya ɗaure kusa sai ya koma ya sake taɓa ta. Ƙa'idar da aka kafa ita ce, kowace safiya zai cire babur daga caji, ya duba birki, ya duba taya, ya gwada totur, sannan ya sa hannu a littafi cewa lafiya lau, kafin ya miƙa makulli ga mai tafiya. Lokacin saura masa shekara ɗaya ya yi ritaya.

Aka turo wani injiniya daga Kano ya koya mana hawa, kwana ɗaya, a ƙarƙashin darbejiyar ofis. Ni can baya na zauna ina cin goro. Abin da kunnena ya tsinta bai fi huɗu ba. Ya ce a sa hular kwano. Ya ce ban da goyo. Ya ce tayar ƙarama ce, ramin da babban babur zai haye ita sai ta cake a ciki. Sannan ya ce, kuma wannan ya maimaita ta har sau uku, duk inda ka tsaya, ko gaisuwa ce, ka kashe makulli, domin wannan babur ba shi da firi, in makulli yana kunne to a shirye yake ko ba ka ji motsinsa ba.

Da ya ce kowa ya zo ya zagaya fili sau biyu, sai na ɗaga hannu.

"Injiniya, shekararka nawa?"

Ya ce ashirin da takwas.

Na ce, "To ni ina kan babur aka yi sunanka. Ka koya wa yara, ni wannan keken ɗinkin ko ido rufe na hau shi."

Aka yi dariya. Shugaban sashe, Alhaji, ya ce, "Ƙyale Baba, shi ba a koya masa." Malam Sabo ne kaɗai bai yi dariya ba. Da aka watse ya ja ni gefe ya ce, "Ilu, ka zagaya ko sau ɗaya ne. Abin nan ba irin wanda ka sani ba ne." Na ce masa ya je ya ji da sifanarsa.

Hawana na uku ke nan abin ya faru. Ranar wata Talata ce da hantsi, bayan an gama yankan gero. Malama Rakiya, ma'aikaciyarmu mai yin allura, ta riga ta tafi wata ruga a dajin da ke tsakanin Roni da Gwiwa ta tara mata da yara, ni zan bi ta da akwati. Sabo ya yi dubansa, ya sa hannu, ya ba ni makulli da hular kwano. Akwatin na ajiye shi a tsakanin ƙafafuna. Hular kwano kuwa ta ƙi zama a kan hulata, ni kuma asalina Babarbare ne, ba zan shiga rugar Fulani ba tare da hulata zanna a kaina ba su samu abin faɗa. Ina shan kwanar ofis na cire hular kwanon na rataya a hannun babur.

Gaskiya tafiyar da daɗi. Ba ƙara, ba hayaƙi, kana jin kukan tsuntsaye. Amma ko a hanya na ga alama. Sau biyu na zo bayan mutane ba su ji ni ba sai da na kusa taɓa su, wata mata har ta yar da ƙwaryarta. Mutanenmu da kunne suke kauce wa babur, da su da awakinsu. Ni a lokacin abin dariya ya ba ni.

Saura kaɗan in kai, a gangaren wani rafi da ya fara ƙafewa, sai na hango dattijo yana tafe da sandarsa a kafaɗa. Ardo Manu ne, shugaban rugar da za ni. Ya ba ni shekara goma sha wani abu, kuma mun daɗe da sanin juna. Shi ne ma ya shawo kan mutanensa suka fara yarda da allura.

To ku da kuka taso a gari, bari in yi muku bayani. A ƙasarmu ba a wuce dattijo yana tafiya a ƙasa alhali bayanka ba kowa. In ka yi haka, kafin ka dawo an san ɗan gidan wane ne kai. Balle wanda za ka garinsa, balle kuma Bafillace, abokin wasana. Maganar injiniya ta hana goyo ko zuwa raina ba ta yi ba. Na ja birki na tsaya a gefensa, na sauke ƙafa. Makulli yana kunne.

Ya juyo a firgice, don bai ji zuwana ba.

"Kai Babarbare, za ka kashe ni! Wannan wane irin jaki gwamnati ta ba ka, ba ya ko kuka?"

Na ce, "Na manya ne, Ardo. Ba a ɗora Bafillace a kai sai ya wanke ƙafa."

"Ai ko ubangidanka ya zo, sai ka sauka ka ba ni in ja, kai ka biyo ni da gudu."

Muka gaisa. Kun san gaisuwar daji ba ta ƙarewa da wuri: ina gajiya, ina iyali, yaya shanu, yaya aka ji da kaka, wane ya warke kuwa. Muka jima. Sannan na ce ya hau in rage masa hanya. Ya gyara sandarsa, ya dafa kafaɗata, ya ce bismillahi, ya ɗaga ƙafa ɗaya.

A nan sai na yi muku bayanin hannuna. Tsohon babur ɗin ofis da na yi shekaru a kai, in ka tsaya ka sa shi a firi, dole ka dinga ɗan murza masa totur, in ba haka ba ya mutu, sai ka sha wuya da kik. Saboda haka hannuna na dama ya saba, da zarar kunnena ya ji shiru, shi zai murza. Ba ya shawara da ni. To ranar kunnena ya ji shiru, zuciyata ta ce ya mutu, hannu ya murza. Kuma murzar mai tayar da mataccen inji na yi, ba 'yar kaɗan ba.

Babur ɗin fetur ko a giya yake, sai ya yi gurnani ya ba ka lokaci. Wannan ba ya jira. Fizga ɗaya ya yi. Na ji hannun Ardo ya suɓuce daga kafaɗata. Ni kuma maimakon in saki totur, tsoro ya sa na ƙara damƙe shi, muka gangara. Ba mu yi taku goma ba tayar gaba ta cake a wata 'yar zaizayar ruwa wadda tsohon babur ɗina ko jin ta ba zai yi ba. Babur ya tsaya, ni ban tsaya ba. Ta saman hannunsa na wuce, haɓata ta fara isa ƙasa, a kan dutse.

Da na dawo hayyacina na tofar da haƙora uku. Kafaɗata ta hagu ta ƙi ɗaguwa. Hular kwano tana rataye inda na bar ta, ko ƙura ba ta yi ba. Hannun daman da ya ja mana, shi ko ƙwarzane bai samu ba. Na juya na ga Ardo a kwance, ƙafarsa ta dama ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Bai yi ihu ba, bai yi nishi ba, gumi kawai yake yi yana salati a hankali.

Allah ya kawo wata motar kasuwa. Aka ɗora mu a baya. Akwatin bai buɗe ba, wani ɗan acaba ya ƙarasa da shi wurin Malama Rakiya. Muna cikin tafiya direban ya leƙo ya ce, "Baba, garin yaya?"

Ga mutane cike da mota suna kallona, ga jini a bakina, ga shekara talatin da nake ta faɗa. Sai na ji bakina ya ce, "Shi ya tashi da kansa."

Ba wanda ya yi musu. Wani ya ce dama shi bai yarda da abin da ke tafiya ba ƙara ba. Wata tsohuwa ta yi a'uziyya. Ardo ya buɗe ido ya dube ni, ya mayar ya rufe. Kafin mu isa asibiti a Kazaure, maganar ta riga mu isa ofis.

Aka yi mana hoto. Ni muƙamuƙi ya tsage, ƙashin nan da ya taho daga wuya zuwa kafaɗa ya karye, haɓa ta sha ɗinki. Ardo ƙashin cinya ne, can sama kusa da ƙugu. Likitan da ya ɗinke ni bai tambaye ni komai ba ya ce, "Mai caji ne, ko?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Na gane daga haɓar. Tun da suka fara shigowa nake ganin irin wannan. Mai babban babur gefe yake faɗuwa, ƙafa ce ke shan wuya. Mai ƙaramar taya ta gaba yake kifawa, sai fuska, sai haƙora, sai wuyan hannu in ya tare. Wanda ya yi rashin sa'a kuma ya bugu a ka, shi ba ma samun yin hira da shi kamar yadda nake yi da kai. Ina hular kwanonka?" Na nuna masa bakina, wai ba na iya magana. Ya ce, "Haka kuke cewa duka. Kuma yawancinku sababbin hawa ne, ko masu goyo. Tsoho kuwa ƙashinsa ba ya son faɗuwa ko daga tsaye ne." Ni dai na ji daɗin ciwon bakin nan a lokacin, don ya hana ni amsa tambayoyi da yawa.

Ƙa'idar aiki ita ce, duk abin hawan hukuma da ya yi haɗari sai an rubuta rahoto, a ji daga bakin wanda ke kai. Magatakardan sashe ya zo har gadon asibiti da takarda da biro. Ya ce, "Baba, an ce da kansa ya tashi, haka ne?" Na gyaɗa kai. Ya rubuta, ya karanta mini, na sa hannu. Maganar goyo na ce ai Ardo bai riga ya hau ba, tsayawa kawai na yi mu gaisa. A raina na ɗauka shi ke nan, za a ce laifin ƙarfe ne, ƙarfe kuma ba ya jin kunya.

Abin da ban yi tunani ba shi ne littafin nan. In babur ya tashi da kansa, to totur ɗinsa ba lafiya. In ba lafiya, wa ya sa hannu da safe cewa lafiya lau? Kwana uku aka ba Malam Sabo takardar tuhuma. Kwana bakwai aka dakatar da shi daga aiki, aka kafa kwamiti na mutum uku, aka kulle baburan biyu a sito. Ana ta cewa tunda har da karayar shugaban ruga a ciki, ƙila kora ce, ya tafi gida ba ritaya ba kuɗin sallama, bayan shekara talatin da ba a taɓa rubuta masa ko gargaɗi ba. An tura wakili wurin Ardo a ji nasa bayanin, ya ce ƙaddara ce, a bar zancen. Ko kalma bai ƙara ba.

Bayan an sallame ni daga asibiti, wata rana da la'asar ina zaune a zaure, hannu a rataye, sai ga sallamar Sabo. Ya zo da kwanon kunun gyaɗa, don ya ji ba na iya tauna. Ya rame. Muka gaisa, sai kawai na ga ya sauko daga tabarma ya durƙusa.

"Ilu, ka yafe ni."

Na ce, "Me ka yi?"

Ya ce, "Na yi ta tunanin safiyar nan. Na san na duba birki, na san na duba taya. Totur ɗin ne nake ta kokwanto. Ina ganin na gwada, amma tunda ka ce ya tashi da kansa, to ban gwada da kyau ba ke nan. Kai ba ka taɓa faɗuwa ba. Na kusa kashe ka, na nakasa dattijo. Aikin in sun kore ni, na cancanta. Kai dai ka yafe ni."

Ga ƙofa a buɗe, ba kwamiti, ba magatakarda, daga ni sai shi. Kalma huɗu ta ishe ni: ni na murza totur. Amma sai na miƙa hannu na dafa kafaɗarsa, na ce, "Haba Sabo, tashi. Ba komai. Kowa yana kuskure. Na yafe maka duniya da lahira." Har da ƙara masa nasiha na yi, wai mutum ya dinga lura in ya manyanta. Ya yi ta godiya. Na kuma shanye kunun.

Da ya tafi, mai ɗakina ta zo ɗaukar kwano. Ta ji komai daga tsakar gida. Ta tsaya ta dube ni ta ce, "Malam, yau ka yi saurin yafiya. Kai da ka yi shekara biyu kana gaba da maƙwabci a kan kaza." Sai na nuna mata bakina.

Zan so in ce muku daga ranar na yanke shawarar faɗin gaskiya. Ban yanke ba. Kowace safiya sai in ce yau zan je wurin Alhaji, in rana ta yi sai in ce bari baki ya ƙara warkewa. Haka har ranar zaman kwamiti.

Aka zauna a ofishin Alhaji: shi, da wani jami'i daga sashen mulki, da shugabar ma'aikatan jinya. Aka karanta rahotona. Aka tambayi Sabo, ya ce ba shi da abin kare kansa. Injiniyan nan ya aiko da bayani cewa ya buɗe totur ɗin bai ga komai ba, amma jami'in mulki ya ce dama mai kaya ba zai kushe kayansa ba, kuma maganar mutumin da ya yi shekara talatin bai faɗi ba ta fi nauyi. Ina zaune ina jin tinƙahona yana shaƙe abokina.

Sai shugabar jinya ta ce ita tana so ta gani da idonta. A fito da babur ɗin, Baba ya nuna yadda ya tsaya da inda hannunsa yake. Muka fita tsakar ofis, ma'aikata suka taru. Aka ce Sabo ya fito da shi. Ya turo shi, kuma ko da yake an dakatar da shi, bai bar halinsa ba: ya ɗora babur ɗin a kan ƙafarsa ta tsakiya, wadda ke ɗaga tayar baya sama, ya girgiza shi ya tabbatar ya zauna, sannan ya kunna makulli ya ja da baya.

Na hau na zauna, na ɗora hannun dama a inda yake zama. Alhaji ya ce, "To Baba, ka tsaya. Sai me?"

Na ce, "Sai muka gaisa, ranka ya daɗe."

"Yi mana yadda kuka yi."

Na fara: ina gajiya, ina iyali, yaya shanu. Aka ɗan yi dariya. Na ci gaba, na shiga labarin sosai, kun san ni da son a saurare ni. Na kai inda Ardo ya ce bismillahi, na yi shiru don in tuna abin da zan ce na gaba. Kowa ya yi shiru. Babur ma shiru.

Sai tayar baya ta ɗauki juyi, fuuu, tana watsa yashi a rigar jami'in mulki.

Na duba, ga hannuna a murɗe a kan totur. Kowa ya gani. Ban aike shi ba, wallahi, kamar yadda ban aike shi ba a bakin rafi. Da Sabo bai ɗaga tayar nan ba, da na shige tagar ofishin Alhaji da sauran haƙoran.

Na saki. Taya ta yi ta juyi har ta tsaya. Sannan shugabar jinya ta ce a hankali, "Baba, yanzu ma da kansa ya tashi?"

Na sauko. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarya na yi. Ni na murza. Ban kashe makulli ba, hular kwano a rataye take, Ardo kuma hawa yake yi, ni na ce ya hau. Babur lafiyarsa ƙalau. Sabo bai yi komai ba." Ku lura, ban ce ni na tona kaina ba. Hannuna ya riga ni, ni dai na bi bayansa ne.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Baba, ni na ce a ƙyale ka ba a koya maka. Nawa laifin ke nan. Sauran naka ne." Sabo kuwa bai ko dube ni ba. Ya zo ya kashe makulli, ya zare, ya tura babur ya mayar sito.

A satin aka janye takardarsa ya koma bakin aiki. Ni aka ba ni gargaɗi a rubuce, aka karɓe makulli har na bar aiki, na koma tebur zuwa tebur. Aka kuma ƙara mini wani aiki da ba ya cikin takardar ɗaukata: duk sanda za a koya wa sababbi hawa, sai a kira ni in tsaya a gaba in buɗe baki su ga giɓin.

Ardo ya yi wata uku a kwance. Ya tashi, amma da ɗingishi, sandar da yake ratayawa a kafaɗa ta koma ta dogarawa, bai sake bin shanu nesa ba. Na je har ruga na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ai na ga hannun tun ranar. Ba zan tona abokin wasa a gaban hukuma ba." Da na gaya masa abin da ya faru da Sabo, sai fuskarsa ta canja. Ya ce shi ba a gaya masa an kama wani ba. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai muka rabu bai tsokane ni ba.

Abin da na koya, ku masu hawa yanzu, shi ne wannan babur bai fi haɗari ga wanda bai iya ba. Wanda bai iya ba yana tsoro, yana sauraro. Mu da muka iya wancan muka ɗauka mun iya wannan, mu ne abincinsa, don hannu yana da nasa karatun da ba ya mantawa. Ku kashe makulli ko sannu za ku ce wa mutum. Ku sa hular kwano, zanna ta shiga aljihu. In kun ga dattijo a hanya, ku tsaya ku gaishe shi, ku gaya masa wannan ba ya goyo, ya zage ku ya fi ku kai shi asibiti. Ku yi hon tun daga nesa, mutanenmu ba sa jin zuwanku. Sannan a aikin hukuma ba ƙaryar da ke faɗa wa ƙarfe. Ko'ina akwai wanda ya sa hannu, kuma galibi shi ne wanda ya fi kowa kula.

Sabo bai taɓa tayar mini da zancen ba. Na je gidansa na nemi gafara, ya ce ya wuce. Muka ci gaba da gaisawa, muna sallah sahu ɗaya. Sai ranar da aka yi masa walimar ritaya, an ci an sha an watse, na taya shi ɗaukar kayansa zuwa bakin titi. Muna tsaye muna jiran mota, yana kallon hanya, ba ni yake kallo ba, ya ce:

"Ka san abin da yake dawo mini, Ilu? Ranar da na durƙusa a zaurenka. Da hannun dama ka dafa ni."